Na Je Na Ji Kiɗanka, Babana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Babana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Ni ce mahaifiyarka, daga ɗakinmu na unguwar Kurayyat, nan ƙasa mai tsarki. Ƙanwarka Ikram za ta ɗora wannan a waya saboda abokanka da ke ta tambaya, amma da kai nake.

Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, don haka ban taɓa kiran sunanka ba. A gidanmu uwa ba ta tsare ɗan fari da hira. Shekara da shekaru ina ganin ka fita da doguwar baƙar jaka a baya, iyakacina in ce a dawo lafiya. Na san jita ce a ciki. Abin da kake yi da ita ne ban sani ba. Sai da motar maigidanka da kake tuƙawa ta kife a hanyar Abhur, aka kawo mini jakar tare da takalmanka, sannan tambayoyi suka taso mini gaba ɗaya, ga shi babu mai amsawa.

Abokinka Fahad, mai buga muku ganga, ya zo bayan an share makoki. Ya ce akwai kiɗan da ka ɗauka na ƙarshe, suna so su sake shi duniya ta ji, amma ba za su yi ba sai na yarda. Hajiya Kande ta ƙasan bene tana zaune. Da ya fita ta ce kada in kuskura. Ta ce duk wanda ya saurara, nauyin a kanka zai sauka cikin kabari, in sa a goge, jitar ma a farfasa ta. Ba mugunta ba ce, ita ta goya ka ranar da aka kama babanka kan iƙama, takardar izinin zama. Maganarta ta hana ni cin abinci. Na tambayi malamai biyu, kowa da abin da ya ce. Ni karatuna bai kai in raba musu gardama ba. Sai na ce to, ba zan yanke hukunci kan abin da ban taɓa ji ba.

Da la'asar Ikram ta raka ni istiraha, gidan shaƙatawar da kuke haya a Abhur. Ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da soso. Samari masu baƙaƙen riguna suka miƙe tsaye, kowa yana khala, khala, wato inna, aka rasa wanda zai fara ba ni kujera. Fahad ya kawo mini auduga in toshe kunne. Na ƙi.

Babana, da aka kunna na zaci sifikar ce ta lalace. Ƙara ce kamar ana jan ƙofar shago. Sai da Ikram ta riƙe mini hannu. Wai sunan kiɗan metal, wato ƙarfe. Wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.

Na ce a sake. A karo na biyu na ce Fahad ya nuna mini wanne ne kai a cikin hayaniyar. Ya ɗauki jitarka ya gwada mini. Ya ce kana sassauta wayoyin har muryarsu ta sauka ƙasa ta yi kauri, har ana tsokanarka wai wayoyinka igiyar shanya ce. Ya ce da gefen tafin hannunka na dama kake danne su, sannan ka riƙa sara da ɗan roban nan mai kusurwa uku, ƙasa kawai, ba ka dawowa sama. Ashe su ne robobin da nake tsinta a aljihunka in na zo wanki. Na tara su a gwangwanin maɓalli, ina zaton na gyaran mota ne.

Ina ka koyi wannan? Na san Kawu Tijjani na Ammariyya, wan babanka da ya zo daga Sudan, shi ya fara ɗora maka udu, garayar Larabawa, a cinya kana ƙarami. Yakan ce yaron nan kunne gare shi, hannu zai biyo baya. Na kuma san duk bikin da ake rawar mizmar a unguwa, maza na juya sanda, kai kana can gindin masu ganga har kayanka su yi warin hayaƙi. Amma daga udu zuwa wannan ƙara, wa ya raka ka? Fahad ya ce a shagon intanet kuka haɗu kuna 'yan makaranta, kuna kallon Turawa masu dogon gashi. Ya ce kai ba gashin ne ya dame ka ba, hannunsu kake tsayarwa kana kallo.

Ya ce sauran masu jita tsere suke yi, kowa na son a ce ya fi sauri. Kai in an zo wurin da za ka yi kai kaɗai, sai ka rage gudu, ka kama waya ɗaya ka tanƙwara ta har ta yi kuka. Da ya nuna mini wurin na gane shi. Muryar waƙoƙin Sudan ce da Kawu yake yi bayan cin abinci, an dai sa mata rigar ƙarfe.

Akwai kuma wani bugu da ke tafiya a ƙasa, ya yi gudu ya yi tuntuɓe, ya sake gudu ya yi tuntuɓe. Fahad ya ce ya sha wahala kafin ya iya bin sa da ganga, ya ce maka lissafin bai cika ba, kai kuma ka ce haka keken ɗinkin Ummi yake yi, a bar shi. Babana, keken nan bel ɗinsa ne yake kamawa, tun kana rarrafe nake cewa zan kai gyara. A ƙarƙashinsa nake shimfiɗa maka zane in ina ɗinkin abaya. Ban san kana saurare ba. Me ya hana ka gaya mini? Ko kai ma kunyar ce?

Na fita waje na zauna a kan dakali. Iskar teku tana kaɗawa. Yaran suka bar ni.

Kiɗan bai ƙare ba, ka sani. Yana cikin tafiya ya yanke. Fahad ya ce ka ce za ka dawo ka ƙarasa bayan ka sauke maigidanka. Ina so in san inda za ka kai shi. Sama za ka yi, ko za ka koma wa tuntuɓen nan? Na saurara a wayar Ikram har ta gaji ta bar mini, kullum ina zaton wannan karon zai wuce wurin.

Ga abin da na yanke. Na saurara da kunnena, ban ji zagi ba, ban ji batsa ba, ban ji an taɓa Allah da Manzonsa ba. Ɗana na ji, da kawunsa, da unguwarmu, da ɗakina. Na gaya wa Fahad su sake shi, amma kada kowa ya sa hannu ya ƙarasa, a bar shi inda ka tsaya. Jitar kuma ba za a fasa ba. Hajiya Kande ta ce khalas, shi ke nan, ta fita haƙƙina, ta kuma aiko mini da kunu da safe.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoron bai tafi duka ba. Shi ya sa na sa a ajiye ruwan sha na sabil, wato sadaka, a ƙofar masallacinmu da niyyarka. Na kuma roƙi Allah, in akwai laifi a sakin nan, ni na ba da izini, kai ba ka nan.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Ya sa ka ji abin da ya fi duk abin da kunnenka ya nema a duniya daɗi. Ya haɗa mu a inda zan zauna kusa da kai in tambaye ka komai.

Wassalam.

Taka,
Ummi