Na Gama Haɗa Motar, Ɗana Ya Ɗauke Ƙafa

Hajiya Raki, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, domin ranar mai sayen motar zai zo, zuciyata kuwa ta ƙi kwanciya.

Ni akanta ne, muna zaune a Longsight, cikin Manchester. Tun babban yarona yana sakandare ya nace sai mun sayi irin motar nan da ake kawowa gunduwa-gunduwa a akwatuna, mutum ya haɗa abarsa. Ni da ko taya ban taɓa canjawa ba. Na dai biye masa, na kama hayar gareji, duk Asabar muna can cikin sanyi da baƙin mai. Ɗan fari ne, kin san al'ada. Ban taɓa kiran sunansa ba, a falo ma daga gaisuwa sai kowa ya kama gabansa. A gareji ne kawai baki ke buɗewa, don wanda ke kwance a ƙarƙashin mota dole ya ce a miƙo masa sifana, daga nan hira ta zarce. A can na san abokansa, a can na ji yana tsoron lissafi.

Bara ya tafi jami'ar Aston, a Birmingham. Abin da ya rage waifa ce mai share gilashi, da hita mai ɗumama mota da kore raɓa. Shi ya so a bar motar babu gilashin gaba, wai ya riƙa sa hular kwano kamar ɗan acaɓa, a garin da ruwa ba ya fashi. Na ƙi. To masu duba mota ba sa yarda da gilashi sai da waifa da abin kore raɓa. Muka bar aikin sai ya zo hutu. Hutu ya zo, ya ce karatu. Wani hutun ya zo, ya leƙo ya koma. Ran nan na jiyo tarinsa a waya yana magana da mahaifiyarsa, na ce bari in ƙarasa ya samu abin hawa mai ɗumi.

Na sha wuya, Hajiya. Na huda ƙarfe a inda bai kamata ba, na toshe. Waifa ta riƙa share iska tana barin gilashi. Tiyon hita ya ɓalle ya juye mini ruwan zafi a ƙafa, har yau da tabon. Da na gama, na ce uwarsa ta tura masa hoto. Ya zo, ya zagaya motar, ya danna maɓalli, waifa ta yi aikinta. Ba sannu, ba na gode. Abin da ya ce kawai: "Baba, you finished it. To ni me zan zo yi yanzu?" Ya ci tuwon uwarsa ya bi jirgin ƙasa ya koma makaranta. Tun ranar ita kaɗai yake kira.

Abin ya yi mini ciwo matuƙa. Ni ubana ko keke bai haɗa mini ba, ban kuma taɓa tsayawa gabansa in yi masa irin wannan magana ba. Ashe gidan ubansa sai da dalili ake zuwa? Na sa motar a kasuwa, ganinta ma ɓata mini rai yake yi. Uwarsa ta ce na yi gaggawa. Ke me kika gani?

Uban da aka watsa wa ƙasa a ido, Longsight

Malam, sannu da ƙoƙari, sannu da ƙuna. Yaron bai kyauta ba. Wanda ya yi ta ɗaga zuwa gida ba shi da bakin ƙorafi, kuma "sannu Baba" ba ta fi ƙarfinsa ba.

Amma ka sake duba maganarsa. Kai ka ji rashin kunya, ni tambaya na ji, kuma ba ka amsa ta ba. Kai ka tashi inda kowa ya san shirun uba ga ɗan fari ƙauna ce. Shi a Manchester ya tashi, inda yake ganin iyaye suna kiran 'ya'yansu da suna a bakin makaranta. Wuri ɗaya tak ya san yana da uba mai hira, ka gama aikin wurin ba ka ko sanar da shi ba, labarin ma ta hannun uwarsa ya je.

Ka ba mai sayen haƙuri. Motar ku biyu ce, sayar da ita a ɓoye zai zama karo na biyu da ka yanke hukunci kai kaɗai. Kada kuma ka kwance waifa don ka ƙirƙiro masa aiki, zai gane. Asabar ɗin nan ka hau jirgin Birmingham, ba da uwarsa ba, ba kuma da aike ba. Ka kai shi cin abinci, ka faɗa masa tarinsa ne ya sa ka gaggawa, ka ce rashin godiyarsa ya sosa maka rai. Nauyin baki zai kama ka, na sani. Ka daure ka amsa masa tambayarsa da bakinka: wajenka zai zo.

Allah ya huci zuciyarka, ya shirya maka shi, ya kai ka lafiya.

Hajiya Raki