Motar Asabar

Zuwa ga maigidana na birni,

Kafin gaisuwa, ungo wannan ka riƙe: ba ta taɓa shiga mota ba, ba a taɓa tafiya babu ita ba, wanda ta kalla kuwa ranar sai an ci shi. Mece ce?

To yanzu assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya tumbin da aka ce ka fara ajiyewa? Mu muna nan lafiya, ban da gwiwata ta hagu da ta daina jin maganata.

Kacici-kacicin ba nawa ba ne. Ƙanenka Auta na ji suna yi da abokan ƙwallonsa a bakin famfo, ina leƙowa suka yi tsit. Na ce rana ce, suka ce a'a. Na ce mujiya, kowa ya hau duban takalminsa. Ni da na ƙarar da tatsuniyoyin duniya a kanku, yau 'yan yara sun ɗaure ni. Kai da ka cinye littattafai, kwance mini.

Takarda na rubuto don na san halinka a waya, da zarar zance bai yi maka daɗi ba sai ka ce sabis ya ɗauke. Koci, mai horar da 'yan ƙwallon makarantarmu, ya zo mini jiya yana jan ƙafar nan tasa. Wai ofishinku na wasannin makarantu zai raba ƙungiyoyin ƙwallo gida uku, manya da manya, matsakaita da matsakaita, ƙanana da ƙanana, wai makarantarmu can ƙasa za a jefa ta, wai kuma da hannunka a ciki. Na ce masa mijina rago ne amma ba mugu ba ne, bari in ji daga bakinsa.

Ka dai san a rukunin manya ne kawunka Danƙo ya tsare raga har suka ɗauko kofi, kuma a hanyar dawowa da kofin ne mota ta kife da su, shi da abokansa huɗu suka rasu. Ba a haife ka ba a lokacin. Tun daga nan ba a sami mai ƙarfin halin saukar da mu ba. Har yau duk Asabar ɗin da za su wasa a waje, motar makaranta ta ƙofata take bi, kujerun baya babu kowa a kai, ni kuma in fito in tsaya har ta sha kwana. Koci ya ce ƙananan makarantun duk na nan kusa ne, a ƙafa ake zuwa. In an saukar da mu, motar sai dai a jingine ta.

Gaya mini gaskiya, kada ka yi mini turancin ofis.

Taka har kullum,
Kaka

*

Zuwa ga Kaka,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, na sami takardarki. Tumbin ƙarya aka yi mini, riga ce ta yi mini kaɗan.

Abin da Koci ya gaya miki gaskiya ne, kuma ina cikin waɗanda suka zauna a kai. Mun duba hanyoyi da dama. Wasu sun ce a raba makarantu bisa kofunan da suka taɓa ci. Aka ga cewa yaran da suka ci kofi sukan gama su tafi, sai a bar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba da ɗaukar kayan. Wasu sun ce a bi kusanci, amma akwai babbar makaranta da ke maƙwabtaka da ƙarama. A ƙarshe aka tsaya a kan yawan ɗalibai, kuma za a riƙa sake dubawa lokaci lokaci, don kada wata babba ta laɓe cikin ƙanana tana kwashe kofi.

Kaka, tun da aka rufe masaƙa mutane suka watse, makarantarmu ba ta kai kwatar yadda take a zamanin Kawu ba. Babbar makaranta tana zaɓen 'yan wasa sha ɗaya daga cikin samari ɗaruruwa. Tamu kuwa duk wanda ya zo da takalmi ya shiga. Bara ba su ci wasa ko ɗaya ba, kuma Auta ne a raga. Ina ganin sakamakon kowane mako a kan teburina, wani lokaci sai in kifa takardar.

Akwai ƙofa ɗaya da aka bari. Makaranta tana iya neman a bar ta a sama, idan taron iyaye ya amince. Shi ya kawo Koci gidanki. Ya san in kika miƙe a taron kika ce a bar mu, babu mai ɗaga hannu a kan maganar mahaifiyar Danƙo. Ina roƙonki ki yi tunani kafin ki ba shi amsa.

Kacici-kacicin nan kuwa ki rabu da shi, shirmen yara ne. Mu ma mun yi shi a zamaninmu.

Ki gaishe da Auta. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Jikanki

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka, rubutu tsaf kamar na mai neman aure. Sai dai ka tsallake tambayata ka bar ta a hanya. Kun yi shi a zamaninku, ke nan ka san amsar kake mini rowa. Zan rama.

Da ni kuka tambaya, da gemu za ku raba su. Masu gemu gefe guda, masu majina gefe guda, an gama. Wancan makon na ga waɗanda aka kawo su kara da yaranmu, ɗaya ya gaishe ni da murya irin ta kakanka marigayi har na kusa durƙusawa.

Koci ya sake dawowa. Na ba shi kujera, ya miƙe ƙafar da ta karye a motar nan, don ka san shi ma yana ciki ranar, a gefen kawunka yake zaune. Ya ce, “Inna, masu neman yara su kai su gaba, wasan manya kawai suke zuwa kallo. In muka sauka, wa zai ga Auta?”

Na ce, “Yanzu me suke gani? Bayansa yana tsinto ƙwallo a raga?”

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce, “Yaro da manya yake koyo.” Ban ce ƙarya yake ba. Da zai tashi ya tsaya yana juya hularsa, ya ce, “Ni dai Inna, gani nake in muka sauka kamar mun tafi mun bar su Danƙo a bakin hanya.” Na raka shi bakin ƙofa.

Auta ya dawo ranar Asabar da yatsu biyu a ɗaure. Wani ƙato ne ya taka masa hannu. Ina gasa masa da ruwan zafi yana cije leɓe, na ce to ai ka huta a mota. Ya ce, “Kaka, a tsaye na dawo. Kullum mu uku a tsaye muke zuwa, a tsaye muke dawowa.”

“Da kujeru biyar a baya?”

“Ai na su Kawu Danƙo ne.”

“Wa ya hana ku zama?”

“Ba wanda ya hana. Ba dai wanda ya taɓa cewa a zauna.”

Yanzu bari in gaya maka abin da ko uwarka ban gaya wa ba, in ka yi mini dariya kuwa na sake ka. Ina ganin kawunka. Duk sanda motar nan ta zo wucewa, yana kujerar ƙarshe ta jikin taga, ya tallafi haɓa da hannu yadda yake yi in an tashe shi bai gama barci ba. Ba ya ɗaga mini hannu, ba ya ma dubana sosai. Da rana tsaka ne fa, ga mai walda yana aikinsa, ga yara suna ɗiban ruwa. An canja motar sau biyu, direbobi sun tsufa sun ajiye, shi yana nan yadda yake. Bana na lura Auta ya fi shi faɗin kafaɗa.

A ɗaki ba ya zuwa mini, a mafarki ma ya daina. Nan kaɗai nake samunsa. To kai mai lissafin ɗalibai, in aka jingine motar, ina zan je in tsaya?

Ban ba Koci amsa ba tukuna.

Taka,
Kaka

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban yi dariya ba, saboda haka aurenmu yana nan.

Na karanta takardarki a ofis, na kasa komawa kan aiki. Ba ni da bakin da zan ce ga abin da za ki faɗa a taron. Duk abin da iyaye suka yanke, shi zan sa wa hannu, ko da ban so ba.

Abu ɗaya zan ƙara. Ni ma na shiga motar nan shekara uku, ko da yake a benci na ƙare, kamar yadda ba kya gajiya da tuna mini. Ba doguwar hanyar nake tunawa ba, ko kwanar da abin ya faru. Titinmu nake tunawa. Ki tambayi direba a ina yake kashe rediyo.

A kai Auta asibiti a duba yatsun, ruwan zafi ba zai isa ba.

Jikanki

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. An kai shi, ɗaya ya tsage, an sa masa ƙarfe. Yana ta nuna wa 'yan mata.

Ban tambayi direba ba, gwiwata ce ta tambayar mini. Asabar ɗin da ta wuce ta riƙe ni a gado, ko bakin ƙofa na kasa kaiwa. Tun da aka binne kawunka ban taɓa fashi ba sai ranar. Ina kwance ina jin motar tun daga kwanar mai walda, raina yana ta suya. Ta rage gudu kamar kullum, shiru kamar kullum. Sai can wani yaro ya yi tari. Sai wani ya yi dariya. Kafin su kai famfo sun ɓarke da waƙa, suna dukan jikin mota, direba har da hon. Ashe suna waƙa. Duk shekarun nan ni na ɗauka 'yan ƙwallo haka suke, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

An ci su dai, kada ka ce wani abu ya canja. Amma Auta da ya bi su kallo ya dawo da muryarsa a dishe.

Taron jiya aka yi, a wani aji, aka cusa mu cikin bencin yara, ni da gwiwata muna zagin juna. Shugaban makaranta ya karanta bayaninku har mai shayi ya fara gyangyaɗi. Koci ya yi magana mai kyau, ya kira sunayen Danƙo da abokansa ɗaya bayan ɗaya, mata suna share ido. Sannan kowa ya juyo yana kallona. Na ga uwar yaron nan mai tsaron baya, wanda aka fasa wa goshi bara, ta haɗa hannu a cinya tana jira in yanke mata.

Na dafa benci na miƙe. Na ce, “Ɗana ya ci kofinsa da 'yan zamaninsa. Waɗannan ba su ci komai ba sai duka. A sauke mu, su je su yi da sa'o'insu, in sun girma ofis ya mayar da su.” Na koma na zauna. Hannuwa suka tashi a hankali, kamar kowa yana jin kunyar na kusa da shi.

Koci bai ɗaga ba, bai kuma yi musu ba. Shi ya rako ni gida, yana ɗingishi da dama ina yi da hagu, mai walda ya ce mu biyu in an haɗa a samu mutum guda mai lafiya. A bakin ƙofa ya ce, “Inna, su Danƙo fa?”

Na ce, “Ranar da za ka jingine motar, ka bar ƙofar baya a buɗe.”

Ya ce to.

Sai ka sa hannunka. Ka sa da kyau, ba irin tafiyar kazar da kake yi wa mutane ba.

Taka,
Kaka

*

Maigidana,

Ina gaisuwa. Yau suka yi wasan farko da makarantar bayan kasuwa. A ƙafa suka wuce ta titinmu, suna ta surutu. Ina ɗaki na ji su, ban fita ba. An tashi babu ci.

Motar tana bayan ajujuwa, ƙofarta a buɗe. Na je sau ɗaya na leƙa ta taga. Ƙura ce a kan kujerar.

Ka huta da rowarka. Amsar kacici-kacicin ni ce.

Kaka