Ku Je Wasan Ƙarshen, Baba

Bogota, Kolombiya, 1951

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya tarin naku? Yaya Mama da ƙanwata Doris?

Ina lafiya. Gwiwar ce kawai ke kumbura bayan wasan ƙwallo, ba wani abu ba ne.

Na ji kulob ɗinmu na gida ya kai wasan ƙarshe na kofi, an ba wani yaro lamba biyar ɗina. Ranar tafiyata kun ce, "Wilf, ɗan baya ba ya barin gida." Da na ji maganarku, da ni zan buga.

Doris ta ce kun rantse ba za ku je kallo ba saboda ni. Don Allah ku je. Tun kafin a haife ni kuke jiran wannan rana. Ku tafa wa yaron.

Ɗanku,
Wilf