Babur ɗin Malam Simon

Gwaram, 18 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga yayana Maikano,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyali lafiya, sanyin Bukuru bai tayar maka da tarin nan ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana leƙa gonarta ta Wurno, mai ɗakina Azumi kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Yaya, wata magana ce take cina. Ka tuna Malam Simon, malamin dabbobi da muke ofis ɗaya, wanda ya ceci shanun Baffa Manu shekarar da ciwon huhu ya shigo Fagam? Kafin zaɓe aka aiko mana da doka cewa ma'aikacin gwamnati ba ya zuwa taron siyasa, ba ya sa rigar jam'iyya, ba ya yi mata hidima da abin hawan ofis. Duk muka sa hannu. Ranar kasuwar Sara muna dawowa daga rigakafin shanu, muka tarar taron wata jam'iyya ya tare hanya. Wani dattijo ya faɗi cikin turmutsutsu, jini na zuba daga kansa, da rigar jam'iyya a jikinsa. Simon bai yi shawara da kowa ba, ya ɗaure shi a bayansa da rawanin dattijon, ya kai shi asibiti a Birnin Kudu kan babur ɗin ofis. Dattijon ya rayu.

Wani ya kai ƙara, kwamiti ya zauna, aka kira ni shaida. Tambaya ɗaya suka yi mini: ko na ga Simon a wurin taro da babur ɗin gwamnati, ɗan jam'iyya a bayansa. Na ce na gani. Na jira su tambayi dalili, ba su tambaya ba. Ni kuma na tuna ana maganar ƙara mini girma, sai na ja bakina. Aka sallami Simon bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki. Ranar da suke loda kaya da matarsa Dinatu, ya riƙe hannuna ya ce ya san ba ƙarya na yi ba, kada in manta da allura ta biyu ta shanun Fagam. Watan jiya muka ji zazzaɓi ya yi ajalinsa.

Ni aka ba babur ɗin. Da rana tsaka ina tafe a hanyar Sara, sai in ji nauyi a bayana kamar na goya mutum, har in tsaya in waiwaya. Masu shanu in sun ji ƙararsa sai su fito suna kiran Simon, su gan ni, su juya. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma wannan ta fi ƙarfin nawa.

Jiya na rubuta wa kwamitin duk abin da ya faru, na sa hannu. Shugabanmu ya ce rami nake haƙa wa kaina, kuma mamaci ba ya komawa aiki. Na sani. An ce Dinatu tana wajen danginta a can Bukuru. Don Allah ka neme ta da kanka, ka gaya mata mijinta bai yi siyasa ba, rai ya ceta, kuma ni ne na gani da idona na yi shiru. Kada ka roƙar mini gafara. Duk abin da ta ce, ka rubuto mini shi yadda ta faɗa, komai ɗacinsa.

Ka gaida mini Yaya Hapsatu da Sabo da Zahara'u. Inna tana sa muku albarka.

Ƙaninka,
Hambali