Mun Ɗauke Baba daga Bakin Ruwa

Haɗeja, daren Laraba, ƙarshen damina.

Barci ya ƙi zuwa. Makon jiya a silimar Kano na kalli fim ɗin Amurkawa, matattu na fitowa daga kabari suna bin mutane. Na sha dariya, na dawo ina kwaikwaya wa abokai tafiyarsu.

Yau kogi ya ci gefen maƙabartar ƙauyenmu. Ni da Yaya Sale muka shiga kwalekwale, muka tono Baba kafin ruwa ya tafi da shi. Likkafanin ya ruɓe. Yaya ya tuɓe rigarsa ya naɗe ƙasusuwan, ya ce, “Riƙe shi da kyau, ni zan tuƙa.”

Baba, mutumin da a da yake ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai, yau da hannu ɗaya na riƙe shi har tudu.