Ba Ɓeraye Ne Suka Kashe Dakta Maryam Nana Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Kula da Dabbobin Gwaji, reshen Nassarawa GRA, Kano, ta samu labarin rasuwar uwa a gare mu, shugabar sashen binciken zazzaɓin cizon sauro a cibiyar da muke aiki, Hajiya Dakta Maryam Nana Shu'aibu, wadda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Talata bayan doguwar jinyar ciwon zuciya.

Mu da muke share keji, muke zuba wa fararen ɓerayen gwaji abinci da ruwa, mun ga aikin Hajiya da idonmu. Bara aka kawo wasu ɓeraye kyauta daga wani ɗakin gwaji, aka ce tunda daga hannun abokan aiki suka fito, killace su zai zama kamar rashin yarda, sai aka haɗa su da namu. Ashe suna ɗauke da wata ƙwayar cuta ta bairos wadda ba ta nunawa: ɓera na cin abincinsa, yana guje-guje, amma jikinsa ya riga ya shiga yaƙi, cutar da aka sa masa don gwaji ba ta kama shi yadda ya kamata. Sai maganin da Hajiya ta yi shekaru tana gwadawa ya yi kamar yana aiki. Har an fara yi mata barka. Ita da kanta ta ce wannan sauƙin ya yi yawa, ta sa aka auna jinin ɓerayen, aka gano ƙwayar, ta janye sakamakonta, ta ba da umarni a kashe su duka, ta ce ba za a ba ɗan kowa magani bisa shaidar ɓera marar lafiya ba.

Yau ga shi ana yaɗawa a unguwa wai cutar ɓerayen ce ta kama ta. Mun ga motoci na rage gudu a ƙofar gidanta, a ɗaga hannu ta gilashi a wuce. Mun ga an ajiye abincin sadaka wurin maigadi an juya. An aiko cewa kada 'ya'yanta su koma Islamiyya tukuna. Ƙungiya na sanar da jama'a, ba tare da ba kowa haƙuri ba, cewa wannan magana ƙarya ce. Ƙwayar nan ɓera take kamawa, ba ta kama mutum. Mu muka kwashe gawarwakin ɓerayen, ga mu nan garau.

Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba maigidanta, Alhaji Ƙasimu, da 'ya'yanta, Rahma da Mustafa, juriyar wannan rashi da juriyar bakin mutane.

Mu dai muna kan tabarma a ƙofar gidan Alhaji har a tashi daga zaman makoki. Duk wanda ya zo ta'aziyya, ya sauko daga mota. Hannu za mu miƙa masa.

Usaid Yunis Hotoro
Kakakin Ƙungiyar Masu Kula da Dabbobin Gwaji
Reshen Nassarawa GRA, Kano