Gabas Ta Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Daren Talata, cikin jirgi

Yau ɗana Isuhu ya sha dariya. Tun da ya kawo ni hutu cikin jirgin nan mai tafiya da iska, inda yake aikin dahuwa, sallata ce kawai damuwata. Da la'asar muka tsaya kusa da wani tsibiri. Na tambayi gabas, na saita wata bishiyar kwakwa, yadda nake saita dutsen bayan gidanmu a Dogon Dutsi. Ina sallamewa, sai ga kwakwar a bayana!

"Inna, iska ce ke juya jirgin," in ji shi.

Na sa ya kai ni gaɓa, na sake sallar bisa yashi. Ruwan nan da kyau, wallahi, amma goshina ya fi yarda da ƙasa.